Neman shawara kan buɗe taga a tsohon soron ƙasa domin ɗaukar hoto

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar magina da masana ginin gargajiya game da wani tsohon soro da muka gada a cikin birnin Zariya, wanda nake son mayar da shi ɗakin ɗaukar hoto. Ginin tubali ne, rufinsa na azara ne mai daurin guga, wato ginin da aka lanƙwasa kamar baka, aka gitta bakunan suna riƙe da rufin, kuma rufin ne ma ya ja hankalina, domin zai ƙawata hotunan amare da na masu hawan salla.

Matsalar ita ce duhu. Ina buƙatar babbar taga a bangon arewa, saboda a yawancin shekara hasken da ke shigowa ta can ba ya da kaifi, amma ƙafar ɗaya daga cikin bakunan da ke riƙe da rufin a jikin wannan bangon take. Wani magini ya ce kada a taɓa shi ko kaɗan, wani kuma ya ce a gitta ƙarfe a sama sannan a fasa, shawarar da hankalina bai kwanta da ita ba. Shin akwai faɗin da za a iya buɗewa ba tare da an raunana bakan ba, ko kuwa in haƙura in dogara da fitilu?

Haka kuma simintin da aka shafe bangon da shi yana ɓallewa, yana riƙe damshi, damshi kuwa yana kawo fumfuna a gilashin kyamara. Idan aka kankare shi aka koma yaɓen ƙasa da makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, hakan zai wadatar?