Za a riƙa jan jinin jaririna duk minti 20, in sa hannu?

Baban Khalifa, Ƙofar Marusa: Salamu alaikum. An yi mana haihuwa ranar Litinin, namiji, kilo 3. Sukarinsa na ta faɗuwa, yana ɗakin jarirai, an sa masa siririyar roba ta cibiya. Yau wata likita ta kawo takarda, wai suna bincike kan homon ɗin girma, wato sinadarin jiki da ke sa yaro ya girma, za su riƙa jan jini ta robar duk minti 20 har awa 6. Ta ce ba dole, kuma ba ya cikin maganinsa. Mai jego ta ce sam. Wanda ya taɓa gani ya ba ni shawara.

Maman Ilham: Allah ya raya. Ai gwajin dunduniya ne, an yi wa 'yata, ɗigo kaɗan a kan kati. Dubu 15 na biya.

Abu Daurawa: Dubu 15 a ina? Ni 40 aka caje ni, aka aika Legas, sai bayan suna sakamako ya dawo.

Anti Nas: Ba shi ake magana ba. Na dunduniya sau ɗaya ake yi bayan kwana biyu da haihuwa, galibi don duba homon ɗin maƙoshi. Shi na girma daga wani ɗan ƙulli a ƙasan ƙwaƙwalwa yake fitowa, kuma ba ya zuba a jere. Kamar famfon unguwa ne, ya kawo da ƙarfi, ya ɗauke. Ka leƙa sau ɗaya ka tarar ba ruwa, sai ka ce ya lalace. Cikin kusan minti 20 rabinsa ya bar jini, shi ya sa ake ɗiba kusa-kusa. Jariri mai kilo 3 jininsa duka kusan mililita (mil) 250 ne. A bincike ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada a wuce kashi 1 cikin 100 a zama ɗaya, wato mil 2.5. Naka, duk minti 20 har awa 6, haɗe da ta farko, ɗiba 19 ke nan. Tambaye ta mil nawa kowace ɗiba, ka haɗa da kanka.

Hajiya Ummah: Ɗana, kar ka yarda. Jikana bakwaini ne, a kwalba ya yi wata guda. Dunduniyarsa duk ta yi baƙi da tsira, hannun nan kamar ka taɓa ya karye, kullum auduga da filasta. Safe a ɗiba, dare a ɗiba, ba mai ce mana uffan. Rannan sai ga takarda wai jininsa ya yi ƙasa, a nemo mai bayarwa. Na ce to wa ya kwashe? Wata ta harare ni ta ce in fita. Ubansa ya kwana yawo yana neman jini. Yaron ya rayu, alhamdulillahi, amma ban yafe ba.

Anti Nas: Hajiya, ki yi haƙuri. Gaskiya ne yawan ɗiba na rage jinin bakwaini. Amma naku na jinya ne, kuma shi wannan ba sabon huji za a yi masa ba.

Hajiya Ummah: Ku dama bakinku ɗaya.

Malam Sani, Sabuwar Unguwa: Ni da na ji bincike sai Kano ta faɗo mini. 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano.

Dokta Ƙarami: Malam, can magani aka ba yara, nan awo ne kawai. Amma ka taɓo wurin. Baban Khalifa, nemi shaidar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, a karanta maka takardar da Hausa, a ba ka kwafi. Kana iya janyewa ko an fara. Sannan kar ka haɗa shi da jinin da ake ɗauka daidai lokacin da sukari ya faɗi, a duba homon ɗin da ke daidaita sukari, wato insulin da kotizol da na girman. Wannan na lafiyarsa ne, kar ka hana.

Abu Daurawa: Kai da ba ka gama makaranta ba?

Dokta Ƙarami: Aji biyar nake, Yaya.

Ɗan Tasha: Ɗiba 19? Ko sauron Ƙofar Ƙaura yana tafiya hutu.

Maman Ilham: Ni abin da ke ba ni haushi, ba wanda ya tsaya kan maganar mai jego. Ita ta yi naƙuda, ta ce a'a, amma takarda hannun miji aka kai. Ni ma haka aka yi mini, ina kwance surukata ta kira wanzami ya cire wa yarinya belu, da jini a bakinta aka miƙo mini ita.

Hajiya Ummah: Belu kuma mi ya yi? Duk an cire mana.

Anti Nas: Hajiya, mun sha karɓar jarirai da zubar jini saboda shi. Aska ɗaya gida nawa take zagawa?

Baban Khalifa: Na koma, ta ce mil 0.1 kowace ɗiba. Mai jego har yanzu tana kan bakanta. Ga Inna kuma ta kira, wai wanzami na nan tafe ranar suna ko an sallame mu ko ba a sallame mu ba.