Me za mu kira gluten da Hausa? Ni dai na tsaya kan danƙon alkama

Jama'a, duk mai koya wa mutane kwaɓin fiza da Hausa akwai inda harshensa ke sarƙewa. Fulawa muna da ita, yis ya daɗe da zama a bakinmu, kwaɓi da murzawa da tashi duk namu ne. Amma da an zo bayanin abin da ke sa kwaɓin ya miƙe bai yage ba, sai a jefo kalmar gluten a wuce, mai sauraro ya gyaɗa kai alhali bai fahimci komai ba. Ina so mu raɗa wa abin nan suna.

Kafin suna, a fara ganinsa da ido. Ku gutsuri ɗan curin kwaɓin da aka murza sosai, ku sa a kwanon ruwa kuna matsawa a hankali. Ruwan zai yi fari fat, sitaci ne ke fita. Ku canza ruwa ku ci gaba har ya daina fari. Abin da zai rage a tafin hannu wani ɗan dunƙule ne, in an ja shi ya miƙe, in an saki ya koma. Shi ne abin da muke nema wa suna. Ta wannan hanyar wankewar ce wani masani a birnin Bolonya na Italiya, Jacopo Beccari, ya ware shi daga fulawa a 1728.

A busasshiyar fulawa bai haɗu ba tukuna. Furotin iri biyu ne a kwance cikin alkama, giliyadin da gulutenin. Sai ruwa ya taɓa su, hannu ya cuɗa, sannan su sarƙe da juna. Na farkon shi ke ba kwaɓi miƙewa, na biyun shi ke sa ya ja baya. Yis kuma yana cin sukarin da ke cikin fulawa yana fitar da iska, wannan sarƙar ita ke tare iskar, shi ya sa kwaɓi ke tashi.

Wasu za su ce a rubuta gulutin a huta. Aro ba laifi ba ne, mun ari yis mun ari firji. Amma su waɗannan abubuwa ne da ake nunawa da yatsa. Wannan kuwa a hannu ake jin sa, kuma gulutin ba ya gaya wa mai kwaɓi abin da zai ji.

An kawo gam, tunda asalin kalmar a Latin abin liƙi take nufi. Gam yana manne abu biyu ya bushe ya ƙame. Kwaɓin da ya murzu kuwa alamarsa ma ita ce ya rage manne wa hannu.

Wanda ya fi ba ni wahalar turewa shi ne yauƙi, don kuwa yana kusa. Sai dai yauƙi santsi ne mai zarara, yana jan zare ya tsinke, ba ya komawa inda ya fito, ba ya kuma riƙe iska. In ka ce wa mai koyo ta murza har kwaɓi ya yi yauƙi, ruwa za ta ƙara, fizar ta lalace tun kafin ta ga wuta.

Danƙo ya haɗa duka biyun, miƙewa da komawa. Danƙon da yara ke harbi da shi ana jan sa ya miƙe, a saki ya koma da ƙarfi, kuma duk Bahaushe ya san wannan a yatsunsa. Mun riga ma muna cewa abu ya yi danƙo, ba sabon abu muka ƙaƙaba wa harshe ba.

Kalma kuwa a cikin aiki ake gwada ta. A samu fulawa mai danƙo, irin ta burodi wadda furotin ɗinta ya kai kashi 12 cikin 100 ko sama, don ta kek danƙonta kaɗan ne. Giram 500 na fulawa, ruwa kamar giram 320, gishiri giram 12, busasshen yis giram 2 zuwa 3. A murza kamar minti 10, sannan a gutsuri kaɗan a buɗe shi da yatsu ta wajen haske. In ya yi siriri har haske na ratsawa bai ɓule ba, danƙo ya haɗu. A rufe a sa a firji ya kwana, ko ya kwana biyu, ɗanɗanonsa ya fi fitowa. Idan an zo faɗaɗawa yana ta tsukewa yana komawa, kada a yi kokawa da shi, danƙon ne bai saki ba, a rufe a ba shi minti 15. Kun ga babu inda jimla ta yi tuntuɓe.

Hatta ƙa'idar yin fiza ta mutanen birnin Napoli na Italiya da kalmar nan take fita sarai. Ƙungiyar da suka kafa a 1984 don kare fizarsu ta asali ta hana faɗaɗa kwaɓi da katakon murzawa, sai da hannu, ana tura iska daga tsakiya zuwa baki. Iskar da danƙo ya riƙe ce ke kumbura bakin fizar a tanderun itace mai zafi sama da digiri 430, cikin daƙiƙa 60 zuwa 90.

Akwai ƙorafi ɗaya da na yarda yana da nauyi: ba alkama kaɗai ke da shi ba, sha'ir ma yana da irinsa, haka hatsin da Turawa ke kira rai. A wajen kwaɓi wannan bai dame mu ba, a ce danƙo kawai ya wadatar. Amma akwai masu ciwon hanjin da abin nan ke tayarwa, kusan mutum 1 cikin 100 a duniya, su ko kaɗan ba a so su ci. Don haka a jikin kwalin abinci ko a bakin likita kada a taƙaita, a faɗa a cike: babu danƙon alkama ko na sha'ir da danginsu a ciki.