Akwatin Baba: Wace Takarda Zan Ajiye, Wacce Zan Ƙone?

Ɗan Ƙofar Rini ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ranar Asabar da ta wuce mun wayi gari da hazo a Sakkwato, irin wanda rana ba ta huda shi sai hantsi ya yi sosai, ga iskar hunturu tana kaɗawa tun asuba. Na fasa fita, na ce bari in cika alkawarin da na daɗe ina yi wa kaina na buɗe akwatin ƙarfen marigayi mahaifinmu. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, an raba gado tuntuni, amma akwatin yana nan ƙarƙashin gadon Inna, domin babu wanda ya lissafa shi cikin dukiya. Na jawo shi ɗakina, na shimfiɗa tabarma kusa da kaskon garwashi, aka kawo mini kunun tsamiya, na zauna da niyyar gamawa kafin azahar. Sai da aka kira magariba ina nan ban ci rabinsa ba.

Baba fataucin fatu da ƙiraga ya yi, musamman fatar jar akuya da aka san ƙasar nan da ita, kuma ashe mutum ne da ba ya yar da takarda. Na tarar da rasidan haraji na zamanin En'e, mafi tsufansu na 1964, da wasiƙu cikin ambulan da kan sarkinsu, da fasfonsa na aikin hajji, da sakamakon jarrabawarmu na firamare, har da wanda na ɓoye a aljihu ina zaton bai taɓa gani ba. Akwai hotuna baƙi da fari na mutanen da ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, akwai kuma wata tsohuwar gafaka ɗauke da warƙoƙin ajami da na Larabci waɗanda nake kyautata zaton na kakanmu ne.

Tambayata kashi biyu ce. Ta farko, wace takarda ta cancanci ajiya, kuma yaya ake ajiye ta, ganin cewa biyu sun kakkarye a hannuna sa'ad da nake warware ninkinsu? Da yawansu suna ɗauke da bisimilla ko aya, ba zan iya zuba su a bola ba. Ta biyu ita ce wadda ta hana ni barci. Na ga wata 'yar takarda da rubutun Baba na ajami, mai kwanan watan 1971, inda ya shaida cewa wani mutumin Wurno yana bin sa fam huɗu da sule goma, kuma babu inda aka rubuta an biya. Me ya wajaba a kanmu yanzu?

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, ka raba takardun nan da kaskon wuta, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya yi abin da gara ta kasa yi cikin shekara sittin. Karyewar da ka gani kuwa aikin hunturu ne: iskar ta bushe ƙwarai, tana tsotse ɗan laimar da ke jikin takarda kamar yadda take fasa leɓe da dunduniya, shi ya sa tsohon ninki yake tsagewa. Wadda ta ƙi buɗewa cikin sauƙi ka bar ta a ninke, ka jira iska ta yi laushi bayan saukar damina, sannan ka warware ta sannu a kan allo ko tebur.

Na yi shekaru masu yawa ina aikin fayil, kuma ɓarnar da na fi gani ba ta ɓera ba ce, ta masu kyakkyawar niyya ce. Kada ka kai su shago a manne su cikin leda da injin zafi, domin da zarar an yi haka ba a iya cire takardar, kuma wasu ofisoshi suna ƙin karɓar shaidar da aka yi wa haka. Kada ka liƙa salatif a inda ya yage, saboda danƙonsa yana rinar da takarda ya bar tabo. Ka cire duk wani fil ko ƙarfen maƙala da ya yi tsatsa, ka sa kowane rukuni cikin fayil na kwali, ka ɗora akwatin a kan wani abu don kada ya taɓa ƙasa. Ka ɗauki hoton kowacce da waya, gaba da baya, da hasken rana amma cikin inuwa.

Takardar da ta shafi gona ko fili ko gida ba a yar da ita ko da ta zama tsumma, kuma kada sunan jihar da ke kanta ya sa ka ɗauka ta daina aiki. An kafa Jihar Arewa maso Yamma a 1967 da hedikwata a nan Sakkwato, a 1976 aka raba ta zuwa Sakkwato da Neja, aka cire Kebbi a 1991, Zamfara kuma a 1996, saboda haka gida ɗaya yana iya mallakar takardu masu hatimi iri uku a kan fili guda.

Game da bashin, lokacin da aka koma naira ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule kuma kwabo goma, don haka fam huɗu da sule goma naira tara ke nan a lissafi. Sai dai ka lura da wani abu: a al'adar 'yan kasuwa, takardar shaidar bashi tana zama ne a hannun mai bin bashi, ranar da aka biya shi ya mayar wa wanda ya ci bashin. Samunta cikin akwatin Baba yana iya zama alamar cewa ya sauke nauyin.

Malamar Arkilla ta amsa:

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne hotunan da ka ce ba ka san mutanen ciki ba, alhali Inna tana raye a cikin gidan. Ɗan'uwa, ka bar batun kwali da fayil zuwa wani mako, ka ɗauki hotunan nan ka je ka zauna gabanta tun yau, tana faɗin sunaye kana rubutawa a bayan kowanne da fensir, ba da biro ba, domin tawadar biro tana ratsawa. Mu mun yi sakaci da wannan. Sai bayan rasuwar mahaifiyarmu muka buɗe adakarta, muka sami hotunan biki fiye da talatin, kuma har gwaggonmu da muka dogara da ita ba ta gane sai mutum huɗu ba.

Wasiƙu kuma ina ganin ba duka ne hakkinka kai kaɗai ba. Idan akwai waɗanda suka shafi aure ko saɓani tsakanin dangi, ka nuna wa Inna da yayyenka kafin ka tura hotonsu a zauren WhatsApp na iyali, saboda maganar da manya suka binne da gangan tana iya tashi a hannun jikokin da ba su san mafarinta ba.

Almajirin Hubbare ya amsa:

Baba Akawu ya yi bayani mai gamsarwa a kan ajiya, amma da izininsa zan ɗan saɓa masa a kan bashin. Abin da ya faɗa game da mayar da takarda gaskiya ne, sai dai zato ne mai ƙarfi, ba yaƙini ba, domin mutum mai tsoron Allah yakan rubuta wa kansa tunatarwa ya ajiye ko da mai bin sa bai nemi shaida ba. Ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ayoyin gado na 11 da 12 cikin Suratun Nisa'i sun sanya rabo ne bayan wasiyya da bashi. Raba gado bai kashe hakkin mutumin Wurno ba idan har yana nan. Ka yi bincike, ka nemi shi ko magadansa. Ko naira tara za a ba su ko ƙimar abin da kuɗin ke saye a lokacin, wannan mas'ala ce da za ka kai gaban malamin fiƙihu da takardar a hannunka, kuma sau da yawa sulhu ko yafiya tsakanin iyalai biyu ke rufe irin wannan magana.

Gafakar kuwa ina roƙonka kada ka taɓa tsarinta. Littattafan mutanen dauri ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke, kuma marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata, da ita ake gane jeri idan sun hargitse. Ka ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta a haske. Idan ka ga alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar, to irin wadda ake kawowa daga Italiya ce ta hanyar fataken sahara, kuma da ita aka rubuta littattafai masu yawa na ƙasar nan. Kada ruwa ya kusance su, domin tawadar gargajiya tana narkewa. Kana iya kai su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan cikin gari, ko wajen masana rubuce-rubucen hannu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su gaya maka ko mene ne.

Sauran takardu masu sunan Allah waɗanda ba ka da buƙatarsu, malamai sun halatta a ƙone su da niyyar kare su daga wulaƙanci, suna kafa hujja da abin da Sayyidina Usman ya yi bayan an haɗa al'umma a kan mus'hafi ɗaya, ko a binne su a wuri mai tsarki da ba a takawa.

Ɗan Ƙofar Rini ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Akawu, na kawar da kaskon. Malama, na bi shawararki jiya bayan la'asar, kuma cikin hotuna goma sha bakwai Inna ta ambaci sunayen mutanen goma sha huɗu ba tare da ta yi jinkiri ba, har da wani dogon saurayi mai hular dara da na ɗauka baƙo ne, ashe Baba ne kafin ya yi aure. Gafakar tana nan yadda na same ta, kuma na ga jinjirin watan a warƙoƙi da dama.

Da na karanta mata takardar bashin sai ta yi shiru, sannan ta tambaye ni shekarar da aka haife ni, alhali ta fi ni sani. A 1971 aka haife ni. Ta ce a makon da aka haife ni, kasuwar fata ta tsaya wa Baba, bai da abin sayen ragon suna, sai wani abokin fataucinsa ya ba shi rago daga garkensa a kan ya biya idan kaya sun fita. Ta tuna mutumin da sunan unguwarsu, ta kuma tuna cewa ya zo sunan da kansa, amma ta ce maganar biya tsakanin maza aka yi ta, ba a gabanta ba.

Na yi magana da babban yayanmu, mun shirya zuwa Wurno ranar Lahadi idan hazo ya ɗan yi sauƙi. Inna ta ce a sayi goro da turare, kuma ita ma za ta bi mu, domin matar mutumin ce ta yi mata wankan jego.