Sabon zuwa Alƙahira, don Allah waɗanda suka daɗe su ba ni shawara

Dan_Gwale:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ban jima da sauka Alƙahira ba, karatu ne ya kawo ni Azhar, ban samu gurbi a Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, ba tukuna shi ya sa nake raɓe wajen wani ɗan garinmu a Hayyul Ashir. Larabcin da na yi a gida wallahi kamar ban yi ba, in na yi wa direban bas magana sai ya yi murmushi, in ya amsa kuma ba na kama komai. Ga neman ɗaki ga maganar iƙama, wato takardar izinin zama, abincin ma cikina ya ƙi karɓa. Ta ina zan fara?

Bazindare:
Wa alaikumus salam, sannu da zuwa ƙanina. Fara da iƙama, sauran duk za su iya jira amma ita in ka bari bizarka ta ƙare tara za ka biya. Ofishin yana Abbasiyya yanzu, tun 2019 aka ɗauke shi daga Mujamma, ginin ofisoshin gwamnati da ke dandalin Tahrir, kar wani tsohon ɗalibi ya tura ka can. Ka karɓi takardar shaida daga makaranta, ka yi fotokofin fasfo da yawa da hotuna, ka yi sammako bayan asuba kuma ka tafi da wanda ya taɓa yi, don taga-taga ne abin, wannan ya tura ka wancan. Juma'a ba aiki.

MamanIlham:
Abinci kam sai haƙuri. Ful da ta'amiyya da safe, koshari da rana, su ne masu araha kuma a hankali za ka saba, yarana yanzu sun fi son koshari a kan tuwo abin haushi. Shagunan 'yan Sudan suna nan a Ashir, akwai busasshiyar kuɓewa da garin dawa, ka tuƙa abinka. Amma daddawa da kuka da yaji sai dai ka roƙi mai zuwa daga gida ya riƙo maka. Kuma ka sayi bargo mai kauri kafin Disamba, sanyin nan ba irin hunturun Kano ba ne, har cikin ɗaki yake bin mutum ga tayil ɗin ƙasa kamar ƙanƙara.

Malam_Sani_Abbasiyya:
Ni kan yaren zan yi magana. Fusuharka, wato Larabcin littafi, tana nan da amfaninta a aji da littafi, amma kasuwa da mota ammiyya ake yi, wato Larabcin da mutanen gari ke yi, har wasu malaman ma da ita suke bayani. Matsalar yaranmu su kwana da Bahaushe su tashi da Bahaushe, shekara huɗu mutum bai iya cinikin tumatir ba. Ka riƙa zama wajen mai shagon layinku, mutanen Masar akwai son hira, su za su koya maka kyauta. Ɗaki kuma kar ka ba dillali ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido an rubuta yarjejeniya, ka tambaya wuta da gas a kan wa suke.

Dan_Gwale:
Allah ya saka da alheri. Malam, iƙamar sai da yarjejeniyar gida ne ko takardar makaranta ta isa?

Bazindare:
Sharuɗɗan suna canzawa, ka tambayi shugabannin ƙungiyar ɗalibanmu kafin ka je, su ke bin abin kullum.