Walda ko Wayarin: Wacce Ta Fi Dacewa In Koya?

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina da takardar NCE, ina kuma koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Kano, amma abin da ake biyana bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Na ƙudurta koyon sana'ar hannu, sai dai na rasa wadda zan kama tsakanin walda da wayarin ɗin gidaje. Wacce ta fi kawo kuɗi, wacce kuma ba ta barin mutum zaune? Shekaruna 26, ina jin nauyin zama yaron shago cikin yaran da na girma.

Mai aikin lantarki, Kano: Wa'alaikumus salam, ƙanina. Ka kama wayarin, domin jarinta kaɗan ne: filaya, sukundireba, testa, guduma da mita sun ishe ka fara fita aiki, ba sai ka kama hayar shago ba. Kuɗin aiki kuwa yawanci jinga ake yi bisa yawan ƙwayaye, soket da fanka da za a sa, saboda haka wata guda yana iya fin albashinka na yanzu, wani watan kuma, musamman da damina idan gini ya ja baya, sai ka yi mako ba a kira ka ba. Abin da ya sa na fi karkata nan shi ne sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 janareto ya gagari mutane, gidaje da shaguna suka koma faranti da inbata. Amma kada ka tsallaka zuwa sola kafin wayarin ta zauna maka. Na sha gyara aikin da aka haɗa batir da siririyar waya har ta narke, duk don mai aikin bai iya lissafin nauyin wuta ba. Karatunka zai yi maka rana a nan.

Mai walda, Kaduna: Malam, ban ƙi maganarsa ba, amma kada a raina walda. Ka leƙa kasuwar Panteka da ke nan Kaduna ka ga injinan niƙa da na casa da ake ƙerawa. Ƙofa, taga da ƙafar tankin ruwa ba sa yankewa. Matsalarmu wuta ce, domin ribar tana tafiya a man janareto, sannan ido yana wahala idan mutum ya raina tabarau. Babban kuɗi yana wajen masu waldar bututu da ta agon (waldar da ake yi da iskar gas ta agon) a kamfanoni, kamfanonin kuma takardar shaida suke nema.

Tsohon malamin kwalejin fasaha: Ɗana, kowacce ka zaɓa, ka nemi shaidar jarrabawar gwajin sana'a, wato Trade Test, ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake farawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya, ka kuma riƙa bibiyar horon da ITF, hukumar gwamnati mai horar da masu sana'a, ke bayarwa. Kafin ka miƙa kanka ga wani oga, ka tambayi yara nawa ya yaye, ku yi magana a gaban manya kan tsawon zama da kuɗin abinci. Batun shekaru kuwa, ka ajiye shi. Wanda ya riga ka shiga shago zai aike ka sayen fura, ka je kawai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Zan riƙe koyarwar da safe, in riƙa zuwa wajen mai wayarin da yamma da ranakun Asabar. Baba, shin sai na gama koyo ne zan iya zana matakin na uku?