Neman kalma: me za mu kira GFR da Hausa?

Famasis Samaru: Assalamu alaikum. Ranar Litinin ɗaliban harhaɗa magunguna za su shiga zagayen ɗakin masu ciwon ƙoda a asibitin Shika da ke Zariya, ina kuma shirya musu 'yar takarda ta yi wa majinyaci bayani da Hausa. GFR ce ta tsayar da ni. Ma'anarta mililita nawa na ruwan jini ƙoda ke tacewa a minti guda. Mai lafiya 90 zuwa sama, ƙasa da 60 har fiye da wata 3 ciwon ƙoda ne mai daɗewa, ƙasa da 15 ƙoda ta gaza. Kalma nake so wadda ɗalibi zai faɗa a gefen gado ba tare da ya koma Turanci ba.

Hajiya Nas: Wa alaikumus salam. Ƙarfin ƙoda. Shi muke faɗa, suna kuma ganewa.

Likita Tudun Wada: Hajiya, suna ganewa, amma abin da suke ganewa ne matsalar. Kika ce wa dattijo ƙarfin ƙodarsa ya ragu, gobe ɗansa zai zo da jarkar maganin ƙara ƙarfi daga tasha. Kuma GFR awo ne, yawa a kan lokaci. Ni "yawan tacewar ƙoda" zan ce. Ƙoda biyu na tace kusan lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita lita 1 zuwa 2 ne kawai, sauran jiki ya mayar. Dole kalmar ta tsaya a kan tacewa, don kada ɗalibi ya ɗauka yawan fitsari ake nufi. Akwai mai fitsari cike da bokiti alhali tacewarsa ta faɗi ƙasa warwas.

Malam Na Kongo: Kalma uku don abu ɗaya? Wannan bayani ne, suna bai samu ba tukuna. Daga tace sai mu ce TACAU. Gajere, na gida, a kan awon kanjamau da sanƙarau. "Tacau ɗinsa 40." Kun ji yadda ya zauna a baki.

Hajiya Nas: Allah ya gafarta Malam, misalan naka duk cututtuka ne. Na ce wa mata tacau ɗinta ya yi ƙasa, hamdala za ta yi.

Malam Na Kongo: Mantau fa? Cuta ce? Awon yana nuna mai yawan aikata abu. Ƙoda mai yawan tacewa ce, ke nan ya dace.

Likita Tudun Wada: To ka raɗa wa ƙodar suna, Malam. Awon nata muke nema.

Ɗan Sabon Gari: Ni dai kada wanda ya kawo "matata" a matsayin sunan ƙananan matatan da ke cikin ƙoda. Kusan miliyan guda ke cikin kowace ƙoda, a rubuce kuma ba karin sauti. Ɗalibi ya rubuta "matata ta lalace", sai a kira sulhu.

Famasis Samaru: Yallaɓai Likita, taka ta fi kusa, amma ga inda take ƙullewa. A wajen rage magani ba GFR kaɗai muke koyarwa ba, akwai lissafin Cockcroft da Gault na 1976, wanda ke ƙiyasta yadda ƙoda ke kwashe kiriyatinin, wato dattin da tsoka ke fitarwa, daga jini. A cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi a kilo, a raba da 72 sau kiriyatinin, in mace ce a ninka da 0.85. Mace mai shekara 60, kilo 50, takardar gwaji ta nuna 177. Wannan 177 maikromol ne a lita, sai an raba da 88.4 ya koma miligiram 2.0 a desilita kafin ya shiga lissafi. Amsa kusan 24. Wanda ya manta rabawar zai samu 0.27, ya ce matar ba ta da ƙoda sam. A 24 ɗin nan metfomin, maganin ciwon suga, ya fita, tunda ƙasa da 30 ba a ba da shi, tsakanin 30 da 45 kuma ragewa ake yi. Naitrofurantoyin ba zai taru a fitsari yadda zai kashe ƙwayoyin cutar mafitsara ba. Diklofenak da ibufurofen, magungunan rage raɗaɗi, a ajiye su, jentamaisin mai kashe ƙwayoyin cuta kuma sai an tsawaita tazara ana bin awo. Kwashewa da tacewa ba ɗaya ba ne, domin bututan ƙoda ma suna zuba kiriyatinin kaɗan cikin fitsari, shi ya sa kwashewa kan ɗara tacewa. In duka biyun muka kira su yawan tacewa, ɗalibi zai haɗe su.

Likita Tudun Wada: "Kwashewar kiriyatinin" ta wadatar. Ka ƙara musu cewa tsohuwa ramammiya kiriyatinin ɗinta kan yi ƙasa saboda ba tsoka, lissafi ya nuna lafiya alhali babu. In kuma ƙoda ta samu rauni farat ɗaya, kiriyatinin na hawa kullum, lissafin ba ya aiki.

Malam Na Kongo: Kiriyatinin, metfomin, mililita. Wannan Hausa ce ko Turanci da hula? Ku ne kuka bar "wankin ƙoda" ya zauna, alhali jini na'urar ke wankewa, awa 4 sau 3 a mako, ƙodar ko taɓa ta ba a yi. Wankin jini ne sunansa.

Hajiya Nas: A nan kam Malam ya yi gaskiya. Dangi kan tambaya sau nawa za a wanke kafin ta fita tas. Sunan ne ya sa suke zaton warkewa ake yi.

Baƙon Kano: Ku bar wa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Mutanen da ke cewa "mace ne" za su ƙirƙiro mana kalma?

Ɗan Sabon Gari: Ranka ya daɗe, a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Hausar boko da kake taƙama da ita a nan ta yi rarrafe.

Baƙon Kano: Ta yi rarrafe a Zazzau, ta miƙe a Kano.

Famasis Samaru: Jama'a, Litinin. Ga abin da zan buga: yawan tacewar ƙoda, da GFR a gefensa tunda shi ke kan takardar gwaji. Kwashewar kiriyatinin ga na biyun, duk da tana da nauyi a baki. Ga majinyaci kuma "aikin ƙoda ya ragu", ban da kalmar ƙarfi. Wankin ƙoda zan bar shi don shi ake nema a ƙofar asibiti, amma ɗalibi zai bi shi da cewa jini ake wankewa.

Malam Na Kongo: Na ji. A sa tacau a ƙasan shafi, ko da ƙaramin rubutu ne.

Famasis Samaru: Shafin ya cika, Malam.

Hajiya Nas: Kafin ka buga, me ka kira bututun da ya taso daga ƙoda zuwa mafitsara, da wanda ya fita daga mafitsara zuwa waje? Duka biyun bututun fitsari nake ji ana cewa.