Serenity kafin Firefly ko bayansa: yaya kowannenmu ya ji da mutuwar Wash da Book?

Injiniya mazaunin Manchesta

Assalamu alaikum. Jiya da daddare na sake kallon Serenity, fim ɗin da ya ci gaba da labarin shirin talabijin na Firefly a kan mutanen wani jirgin sararin samaniya, tare da ƙanina wanda bai taɓa ganin ko kashi ɗaya na Firefly ba, kuma abin da ya faru a falon ne ya sa na kawo wannan magana. A daidai wurin da na kawar da kai daga allon, shi cewa kawai ya yi, “Ayya, matuƙin ya tafi,” ya ci gaba da kallonsa. Wanda bai kalla ba ya sani cewa za mu tona ƙarshen labarin.

Ina ɗalibi a nan a 2005 wani abokin zamana ya ara mini faifan DVD na Firefly, ya ce shiri ne da tashar Fox ta Amurka ta fara nunawa a watan Satumba na 2002 ta kuma soke shi kafin shekarar ta ƙare. Kashi 14 aka shirya, 11 kaɗai aka nuna a lokacin, su ma ba a jere ba, har kashin farko mai awa biyu, wanda ya kamata ya gabatar da mutanen jirgin, shi aka nuna a ƙarshe. Cikin kwana huɗu na gama da faifan. Saboda haka lokacin da fim ɗin ya iso Ingila a watan Oktoba, na shiga sinima kamar mai zuwa gaishe da dangi tara da aka daɗe ba a gani ba.

Zauren bai cika ba, amma a layin gabana akwai masu doguwar kwat mai ruwan ƙasa irin ta mayaƙan ’yancin kai na cikin labarin, wadda saboda ita masoya shirin ke kiran kansu Browncoats, da wani saurayi sanye da hular saƙa mai ruwan lemo irin wadda mahaifiyar Jayne, ɗaya daga cikin mutanen jirgin, ta aiko masa. Da Wash, matuƙin, ya saukar da jirgin da ƙyar bayan artabu a sama, sai da wasu suka fara tafi. Tafin bai ƙare ba mashin Reavers, mahara masu cin naman mutane, ya faso gilashin gaba ya soke shi a kan kujerarsa, matarsa Zoe tana gefensa. Ban taɓa jin zaure ya yi tsit irin na wannan rana ba. Daga nan har ƙarshe ban ƙara yarda cewa wani zai tsira ba, kuma da aka harbi Simon, likitan jirgin, na riga na sallama shi. Ina so in ji daga gare ku, musamman waɗanda suka fara da fim ɗin.

Malamar kimiyya daga Kaduna

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ni ina cikin irin ƙanin naka. Wajen 2008 na sayi faifai guda mai ɗauke da finafinai da yawa a kasuwa, irin wanda ake jera hotuna a bayansa, kuma ban san akwai wani shirin talabijin da ya gabaci Serenity ba. A kwamfutar yayana na kalla, da dare, ba wuta.

Gaskiya mutuwar matuƙin ta firgita ni, amma ba ta taɓa zuciyata ba, domin a wurina mutum ne mai raha da na sani na awa ɗaya da rabi. Abin da ya hana ni barci shi ne Miranda. Duniya guda mai mutum miliyan 30, gwamnatin ƙawancen duniyoyi ta zuba sinadarin Pax a iskar da suke shaƙa domin ta cire musu fushi da tashin hankali, sai mutanen suka daina aiki, suka daina ci, suka kwanta a ofisoshinsu da gidajensu suka mutu ba tare da rauni ko ɗaya ba, ’yan kaɗan kuma maganin ya juya musu suka zama Reavers masu cin naman mutane. A matsayina na mai koyar da kimiyya, na daɗe ina tunanin likitar nan da ta naɗi bayanin tana kuka tana nanata cewa alheri suka nufa. Na kuma ji daɗin ganin Chiwetel Ejiofor, haifaffen Landan wanda iyayensa ’yan Najeriya ne, a matsayin wakilin gwamnati marar suna, mai kashe mutane cikin ladabi da sanyin murya, wanda ya san cewa shi kansa ba shi da wuri a tsabtatacciyar duniyar da yake kisa dominta.

Sai bayan shekara uku na samu Firefly. A kashin farko aka nuno Wash shi kaɗai a ɗakin tuƙi yana wasa da ’yan dodannin roba, yana yi musu muryoyi kamar yaro. Nan take na tsayar da faifan, domin na riga na san kujerar da yake zaune a kai da abin da zai same shi a kanta. Duk kashi 14 ɗin haka na kalle su, lokacin da shi da Zoe suka yi gardama a kan haihuwa kuwa sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Ku baƙin cikin ya same ku a daƙiƙa guda, ni kuwa a hankali ya riƙa zuwa mini tsawon mako biyu.

Tsohon ma’aikacin rediyo

Malama, kin yi bayani mai kyau, amma ku yi mini afuwa, kowa Wash yake ambata, ni kuwa Book ne damuwata, kuma har yau ban huce ba. Tun farkon shirin aka nuna mana mai wa’azi wanda ya san makamai da dabarun ’yan sanda fiye da yadda ya kamata malamin addini ya sani. A wani kashi an harbe shi, aka kai shi jirgin sojan gwamnati, suka ƙi kula shi, amma da suka duba katin shaidarsa sai suka ruga da shi ɗakin tiyata ba tare da tambaya ba. Wane ne wannan dattijo? Shekara uku muna jiran amsa. Da fim ya zo sai muka tarar an sauke shi daga jirgin an ajiye shi a matsugunin Haven, ya fito a fage biyu, a na biyun ya cika a hannun Mal, kyaftin ɗin jirgin. Sai a 2010 aka ba da tarihinsa a littafin zane, wanda yawancin masu kallo ba su taɓa riƙewa ba. Ron Glass, wanda ya fito a matsayinsa, ya rasu a 2016, kuma ina ganin ya cancanci a ba shi wannan labari ya taka shi da kansa.

Akwai wani abu kuma da duk wanda ya riƙe shirin da kyau zai lura da shi. A Firefly Simon ya faɗa da bakinsa cewa kuɗi ya kashe wasu mutane suka fito masa da ƙanwarsa River daga makarantar da ake yi wa ƙwaƙwalwarta gwaji, amma fim ɗin ya buɗe da shi a cikin ginin da kayan jami’i yana ceto ta da hannunsa. Mal ma ya yi zafin rai fiye da yadda muka bar shi, har yana neman rabuwa da mutanen da ya taɓa cewa ma’aikatan jirginsa ne ba zai yar da su ba. Na fahimci dalili: Joss Whedon, wanda ya ƙirƙiro shirin ya kuma ba da umarnin fim ɗin, yana da ƙasa da awa biyu ya gabatar da mutum tara ga baƙo, ya kuma rufe labarin da aka tsara zai ɗauki shekaru. Fahimtar dalilin ba ta sa na daina jin cewa mu tsofaffin masu kallo ne muka biya kuɗin wannan gaggawa ba.

Ma’aikaciyar jinya a Amurka

Baba, ban ƙi maganarka a kan Book ba, amma bari in faɗi yadda abin yake a nan lokacin, domin ina ganin zai rage maka zafi. Ba mu taɓa zaton za a yi fim ɗin ba. Da aka soke shirin, masoyansa sun tara kuɗi sun sayi shafin talla a mujallar Variety, sun aika katunan roƙo, babu tashar da ta ɗauka. Cinikin faifan DVD da ya fito a watan Disamba na 2003 yana cikin abin da ya ƙarfafa wa kamfanin Universal gwiwa. Saboda haka duk wanda ya sayi faifan, ya kuma ara wa maƙwabci, yana jin da guminsa a ciki.

Na samu tikitin ɗaya daga cikin nunin gwaji da aka fara a wasu birane tun watan Mayu na 2005, wata huɗu kafin fitowar fim ɗin, lokacin ba a ma gama gyaran sauti da hoto ba. Na tashi daga aikin safe na wuce layi da kayan aikina. Mutanen da ba su san juna ba suna rera waƙar buɗe shirin tare. Bayan an tashi, wata mata da ke kusa da ni ta kasa miƙewa, na zauna da ita har zauren ya watse, kuma ni da na saba ganin mutuwa a wurin aiki ban sami kalmar da zan ba ta ba. Abin da ya fi wuya shi ne riƙe sirrin har 30 ga Satumba, abokai suna tambayata ko kowa ya tsira, ina cewa su je su gani.

Makon fitowarsa na saya wa abokan aikina uku tikiti da kuɗina. Da yammacin Lahadi muna ta duba alƙaluman ciniki a intanet kamar masu jiran sakamakon jarrabawa, aka ce dala miliyan 10 da ’yan kai, matsayi na biyu. A ƙarshe abin da ya tara a duniya bai wuce kusan miliyan 40 ba, alhali an kashe kusan miliyan 39 wajen shirya shi, kuma a nan muka gane cewa ba za a yi na biyu ba. Lambar yabo ta Hugo, ta ƙagaggun labaran kimiyya, da ya samu a 2006 ta faranta mana, haka ma nunin sadaka da masoya suka fara a shekarar suna tara wa ƙungiyar Equality Now kuɗi domin kare haƙƙin mata. Na halarci uku daga ciki, kuma kowane karo sai na ga mutane sun sunkuyar da kai tun kafin jirgin ya taɓa ƙasa.

Ɗalibin likitanci daga Zariya

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ni an haife ni ne bayan an soke shirin, kuma bara na kalli duka a waya, a jere yadda aka tsara. Wani aboki ya riga ya gaya mini Wash zai mutu, don haka na shirya masa. Abin da ban shirya masa ba shi ne jana’izar, inda Zoe, wadda kusan kullum da bindiga da kayan yaƙi muka san ta, ta fito da farar riga tana tafiya a hankali zuwa kabarin mijinta. Sau biyu na sake kallon fim ɗin, kuma duk biyun a nan na kashe wayar na bar sauran sai washegari.

Injiniya mazaunin Manchesta

Na gode muku duka. Baba, maganar katin shaidar Book ta sa na ciro faifan daga akwati da safen nan. Malama, na karanta wa ƙanina abin da kika rubuta a kan ’yan dodannin roba, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko kashi 14 ɗin suna nan cikakku. Mun yi alkawarin farawa ranar Asabar bayan sallar isha’i, daga kashin mai awa biyu, kuma na roƙe shi ya zo ya rubuta muku da kansa idan mun kai ƙarshe.